Gam ɗin da ya dace da roba da soso wajen farfaɗo da tsohon babur

Tun bayan da gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, babura da dama sun daɗe a jingine a lungunan Agege da Idi-Araba da Mile 12, rana ta dake su, damina ta jiƙa su. Wanda ya sayi irin wannan babur, Bajaj Boxer ne ko tsohuwar Jincheng, zai tarar cewa ƙarfe yana jure zama, amma roba da soso su ne suke fara lalacewa: kujera ta tsage, robar hannu ta saki, ta ƙafa ta zame. A nan ne mutane da yawa suke yin asara, domin suna sayen gam ɗaya su ce zai yi musu komai. Kafin a ba mai shago kuɗi, ya kamata a duba abu biyu: wurin da za a manna yana lanƙwasawa ko ba ya yi, kuma fetur ko zafi ko ruwa yana taɓa shi?

Ga sosan kujera, babu abin da ya kai gam ɗin masu gyaran takalma, wato Evo-Stik da ire-irensa masu launin ruwan ɗorawa. Asalinsa roba ce aka narkar, saboda haka ko bayan ya bushe yana miƙewa tare da soso, ba ya sandarewa a ƙarƙashin mai zama. Sai dai yana da ƙa'ida, kuma gaggawa ce take ɓata shi. Ana shafa shi siriri a fuska biyun da za a haɗa, a bar shi kimanin minti 10 zuwa 15, har sai an taɓa da bayan yatsa an ji yana danƙo amma bai biyo fata ba, sannan a haɗa a danna sosai. Da zarar fuskokin sun haɗu ba a iya gyara zama, don haka a daidaita gefe ɗaya tukuna a bi a hankali. Soso yana shan gam, shi ya sa masu ɗinkin kujera sukan yi shafa ta farko su bari ta bushe, su ƙara ta biyu. Laimar Legas ma tana da nata tasiri: a ranar da ake ruwa, raɓa takan kwanta a kan gam ɗin yayin da yake bushewa, ya yi fari-fari ya ƙi kamawa, saboda haka ya fi kyau a jira hantsi ya dubi ludayi a rana mai haske. Idan an buɗe gwangwani a shago aka ga ya yi kauri yana zare, ya sha iska, kada a saya. A yi aikin a fili, nesa da murhun mai shayi da janareta, domin tururinsa yana kama wuta kuma yana cutar da ƙirji.

Akwai irinsa na feshi, kamar 3M Super 77, wanda yake shimfiɗuwa daidai a kan soso mai faɗi. Ya fi tsada, kuma a ganina bai kai na gwangwani riƙo ba a kujerar da za ta wuni a rana. Shi kuma gindin kujera, idan na roba mai tauri ne, gam ba ya kama shi da kyau, da ƙananan ƙusoshin stefula ake ɗaure masa riga.

Supa gulu, irin Alteco da ake samu a kowane tebur, shi ne aka fi zalunta a wannan aiki. Yana kama roba nan take, kuma yana da amfani a ƙaramar tsaga wadda ba ta motsi, amma yana bushewa da tauri kamar gilashi, girgizar hanya kuma takan farfasa shi. Idan aka ɗiga shi a soso, sai ya shige ciki ya zama ƙullutu mai soke mai zama. Haka Araldite mai haɗi biyu yake: gwani ne a ƙarfe da abu mai tauri, ba shi da wurin zama a abin da yake lanƙwasawa.

Robar hannu tana buƙatar kulawa ta musamman domin rai ne a kanta. A wanke ƙarfen kan babur daga giris da tsatsa, a goga samfefa kaɗan, a shafa gam ɗin takalma siriri, sannan, ba kamar a kujera ba, a tura robar tun gam ɗin yana da danshi, a bar babur ya kwana. A gefen totur kuwa, a rage yawan gam ƙwarai, domin idan ya tsiyaya tsakanin bututun totur da ƙarfe, totur zai iya maƙalewa a buɗe ana cikin tafiya.

Silikon, irin na ABRO da kanikawa suke sa wa gasket, wato shimfiɗar da take hana mahaɗin inji yoyo, yana jure zafi da ruwa, ya kuma dace da toshe gefen fitila don kada ruwan sama ya shiga. Riƙonsa dai ba shi da ƙarfi, yana buƙatar kusan awa 24 kafin ya nuna, kuma fetur yana kumbura shi ya saki. Sholisho kuwa na mai faci ne, aikinsa haɗa faci da tiyub, ba a yi shi don kujera ko hannu ba.

Akwai kayan da bai kamata a nema musu gam ba ko kaɗan. Robar da ta haɗa kafireto da inji, idan ta tsage, iska za ta riƙa shiga, inji ya riƙa ɓata silo, wato juyinsa a hankali idan babur yana tsaye, yana kuma zafi, kuma babu mannin da zai daɗe a wurin da fetur da zafi suka haɗu. Tiyon mai da sosan matatar iska da ya fara marmashewa su ma haka ne, tunda ɓarɓashin soson cikin inji zai wuce. Waɗannan a cire tsofaffin a tafi da su wurin masu sayar da kayan babur a gwada da sababbi, a kuma lanƙwasa sabuwar robar a gaban mai shago, domin wadda ta daɗe a ajiye takan nuna ƙananan tsagu tun kafin a ɗaura ta.