Tsohuwar laftof da motionEye a matsayin idon sito: abin da na gani

Maƙwabtana masu sito a wajen Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato sun sha tambayata ko wannan kyamara da na haɗa za ta iya tsayawa a madadin irin wadda ake sayarwa da akwatinta da kyamarori huɗu ko takwas. Ga ɗaki ɗaya mai ƙofa ɗaya, irin nawa da nake ajiye buhunan shinkafa da sukari da fulawa, ta wadatar, ta wani gefen ma ta fi. Ga fili ko dogon layin shaguna kuwa, kada ma mutum ya fara.

Kayan ba su da yawa. Tsohuwar laftof ce da ta daɗe a ajiye, sai kyamarar Logitech C270 mai igiyar USB, irin wadda ake maƙalawa a saman allo don kiran bidiyo, sai ƙaramar na'urar intanet mai layin waya a ciki. Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a jami'ar Ɗanfodiyo ne ya sa wa laftof ɗin Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ya girka manhajoji biyu: Motion, wadda ita ce ke kallon hoto tana gane motsi, da motionEye, wadda wani ɗan Romaniya mai suna Călin Crișan ya fara rubutawa don a riƙa saita Motion daga burauza ba sai an shiga rubuta umarni ba. Dukansu kyauta ne, babu kuɗin wata, babu rajista. Girkawar dai sai wanda ya san Linux. Amma da zarar an gama, abin da ya rage mutum ya haɗa wayarsa da na'urar intanet ɗin da laftof take kai, ya buɗe burauza, ya rubuta adireshin laftof ɗin da lamba 8765 a ƙarshe, ga sito a gabansa. Sunan shiga na farko admin ne kuma babu kalmar sirri a kansa, don haka sa kalmar sirri shi ne aikin farko, kafin a taɓa komai.

Abin da ya kamata mai saye da mai haɗawa su fahimta tun farko shi ne, wannan manhaja ba ta san mutum ba. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ita kuwa mudu ce zalla, awo kawai ta iya. Tana ɗaukar hoton yanzu ta gwada shi da na baya, ta ƙirga ɗigo nawa ne suka canza, in sun haura adadin da aka sa mata sai ta ce an yi motsi. A Motion adadin da take zuwa da shi ɗigo 1500 ne. Hoto mai faɗin 640 da tsawon 480 yana da ɗigo 307,200, ka ga ke nan canjin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba ya isa ya tashe ta. A ɗakin ofis mai tsafta da haske tsayayye wannan daidai ne. A sito a Sakkwato, ba haka abin yake ba.

Na bar ƙwai ɗaya na sola a kunne da dare, kuma duk wanda ya san sito ya san inda ƙwai yake nan tsaka take. Tana fitowa daga bayan katakon rufi, ta tsaya cik a gefen hasken, sai ta zabura ta cafke ƙwaro ta koma. Da yake kusa da kyamarar take, a hoto girmanta ya kai na hannun mutum, kuma kowace zabura hoto ne. Ga fitilar 'yan kabu-kabu da ke ratsowa ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe ta shimfiɗa haske a ƙasa ta wuce. Ga gizo-gizo da ya ga bakin gilashin kyamarar ya yi masa, zare ɗaya in iska ta kaɗa shi ya isa. Lokacin hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura na shigowa ta kowace kafa, tana yawo a cikin hasken kamar hayaƙi. Da safe sai in tarar da hotuna jibge, babu ɗan Adam ko ɗaya a ciki.

A nan ne na yaba wa manhajar, domin kowace irin wannan matsala akwai wurin gyaranta, kuma gyaran yana kamawa. Mafi amfani a wurina shi ne rufe wani sashen hoto: tana nuna hoton a raba shi gida-gida, ka danna gidajen da ba ka so ta kula da su. Na rufe bangon da ƙwan yake da tsagar ƙarƙashin ƙofa, na bar ƙofar kanta da hanyar da ke tsakanin buhuna. Na ɗaga adadin canjin zuwa wajen kashi 2 cikin ɗari. Sannan akwai inda ake cewa sai motsin ya ci gaba a hotuna kaza a jere kafin a yarda da shi. Na sa uku, kyamarar kuma tana ɗaukar hoto biyar a daƙiƙa, wato walƙiyar haske ba ta isa ba, amma mutum mai tafiya ba zai kuɓuce ba. Akwai kuma saitin da ke lura da canjin haske na gaba ɗaya, kamar a kunna ƙwai ko a kashe, sai ta kau da kai na 'yan hotuna kafin ta ci gaba. Hanyar gwaji ɗaya ce: ka sa yaron shago ya shigo a hankali, ya shigo da sauri, ya shigo a sunkuye ta jikin bango, kai kana kallon waya. Duk shigowar da ba ta kama ba, adadin ya yi yawa, a rage.

Wani abu ƙarami: wutar Nijeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. In kyamara tana kan 60 kuma ƙwan na wutar gari ne, layuka za su riƙa gudu a hoton, manhajar ta ɗauke su motsi. A mayar da ita 50.

Duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya sa na zaɓi wannan haɗin a kan akwatin da ke ajiye komai a cikinsa shi ne ɗora hoto a intanet. Wanda ya fasa sito ya ga laftof, da ita zai tafi, kamar yadda zai tafi da akwatin kyamara in ya gan shi. Hoton da ya zauna a cikin ɗakin ya tafi tare da mai laifin. motionEye tana iya tura kowane hoto zuwa Google Drive ko Dropbox, ko wata kwamfuta ta hanyar FTP, da zarar ta ɗauke shi. Ni Google Drive nake amfani da shi, a wani asusu da na buɗe don wannan aikin kaɗai, domin gigabayit 15 ɗin da suke bayarwa kyauta haɗe yake da na imel da na hotunan waya.

Ɗan ƙanwata ya so mu sa bidiyo. Ya ce, "Kawu, bidiyo ya fi nuna komi, har abin da mutum ya ɗauka." Gaskiya ya faɗa, amma sai da muka gwada muka ga bambancin. Bidiyo ba ya tafiya sai an gama ɗaukarsa, kuma ba a gamawa sai motsi ya tsaya na wani lokaci, wanda a Motion daƙiƙa 60 ne in ba a canza ba. Mutum na iya shigowa, ya hango laftof, ya zare ta, bidiyon bai ko rufe ba balle ya tafi. Hoto kuwa ɗaya bayan ɗaya yake fita. Don haka na bar bidiyo yana zama a laftof don dubawa da rana, hoto ne kawai ke hawa intanet. Na kuma ƙi sa shi a mafi girman da kyamarar ke iyawa, 1280 da 720, na tsaya a 640 da 480, saboda ƙaramin hoto ya fi saurin fita in sabis ya yi rauni. Irin wannan hoton a wurina yana kai kilobayit 50 ko kusa da haka, wato hoto dubu bai wuce megabayit 50 ba. In an gyara saitin motsi da kyau, data ba abin damuwa ba ce. Amma ƙaramin hoto yana da sharaɗi: kyamarar ta kasance kusa da ƙofa, daidai tsayin fuska ko sama kaɗan. Wanda ya kafa ta can ƙuryar rufi, hula da rawani kawai zai riƙa gani. Igiyar USB kuma ba ta son wuce mita 5, don haka laftof ɗin ba za ta yi nisa ba, sai dai a ɓoye ta. Tawa tana cikin kwali mai ramuka a saman kanta.

motionEye tana aika saƙon imel in ta ga motsi. Mai amfani da Gmail ya sani cewa tun 2022 kalmar sirrinsa ta yau da kullum ba ta aiki a irin wannan, sai ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu ya ciro kalmar sirri ta musamman don manhaja. Akwai kuma jadawalin aiki, na sa ta fara bayan isha'i ta tsaya da hantsi, don kada ta cika mini waya da hotunan 'yan dako.

Laftof ta fi kwamfutar tebur a nan saboda batirinta, in an ɗauke wuta tana ci gaba. Sai dai a saita ta kada ta yi barci in an rufe murfinta, a kuma tuna na'urar intanet ɗin ita ma tana son caji. Na haɗa su duka biyu da ƙwan a kan ƙaramar sola. Zafi ne abin da na fi jin tsoro. A Afrilu da Mayu garin nan yana haura digiri 40, sito mai rufin kwano a kulle kuma ya fi waje. Ina ɗora laftof ɗin a kan katako biyu don iska ta ratsa ƙasanta, ina sa a hure mata ƙura daga fanka lokaci-lokaci, gilashin kyamarar kuma a goge shi da ƙyalle mai laushi duk sati, in ba haka ba fuska sai ta zama hazo.

Abubuwa biyu ba za ta yi ba. Ba ta gani a duhu, domin irin wannan kyamarar an yi ta ne don hasken da ido ke gani, in ƙwan ya mutu hoton baƙi ne ƙirin. Kuma kallon sito kai tsaye daga gida ba ya yiwuwa haka kawai a kan layin waya, saboda kamfanonin sadarwa kan haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya. Akwai manhajoji irin su Tailscale da ke warware wannan, amma ni hotunan da ke isowa sun ishe ni.

Na faɗa wa yarana da 'yan dako cewa akwai kyamara, na nuna musu inda take kallo. Ba na son mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar mini kaya ya gano daga baya cewa ana leƙensa a ɓoye, kuma ita ma kariya ce gare shi ranar da lissafin buhu bai cika ba. Na kuma karkata ta yadda in an buɗe ƙofa ba ta hango ƙofar gidan da ke fuskantarmu, don iyalin mutane na shiga da fita, kuma addininmu ya hana bin sirrin maƙwabci.

Wanda yake da tsohuwar laftof, da mai girka masa, da haƙurin zama ya yi gwaji har saitin ya dace da ɗakinsa, ina ba shi shawarar ya haɗa. Wanda zai sayi komai sabo, ko yake son ganin waje da dare, gara ya nemi kyamarar da aka ƙera don tsaro mai ganin duhu. In tana ba da hoto ta hanyar RTSP, wato tsarin da kyamarorin tsaro ke aika bidiyo kai tsaye da shi, motionEye na karɓarta ita ma, kuma irinta nake shirin ƙarawa a bakin ƙofa ta waje kafin azumi, lokacin da sukari ke cika sito.