Maratayar ƙarfe da ƙusa: me za ka saya kafin ka kafa dandamalin katako mai magani?

Dandamalin katako, ko na gaban shago ne ko na wurin shan iska a gida, ba kasafai yake karyewa a tsakiyar katako ba. Daga mahaɗa yake saki, wurin da katakan da ke kwance a ƙasan daɓe suka haɗu da babban katakon gefe. Don haka kafin ka shiga Kasuwar Katako a Gombe, ka san irin ƙarfen da zai riƙe wannan wuri, wato marataya, wadda bakin katakon kwance ke zama a cikinta.

Tambayar farko ga mai katako ita ce wane magani aka sa. Yawancin abin da ake kira katako mai magani a nan shafa masa aka yi da buroshi, Solignum ko makamancinsa, saboda gara. Wanda aka dura wa magani da matsin inji daban ne: launinsa na ɗaukar kore-kore, yana da nauyi, sau da yawa da damshi a ciki. Tun ƙarshen 2003 Amurka ta daina amfani da maganin CCA a katakon gidaje, aka koma ACQ da ire-irensa, masu jan ƙarfe da yawa. Idan damshi ya shiga, jan ƙarfen nan yana cin baƙin ƙarfe da alminiyam da sauri. Ƙusar da za ta shekara da shekaru a katakon banza sai ta rube a cikinsa, kanta lafiya lau a waje, jikinta ya zama tsatsa.

Maratayar kamfani, mai siffar U da huji a fikafikanta, ita ce mafi aminci domin an gwada nauyin da take ɗauka. Amma ba duka suke ɗaya ba. Ka duba tambarin tutiyar da aka lulluɓe ta da ita. G90 ta cikin ɗaki ce. Katako mai ACQ yana buƙatar G185, wadda kamfanin Simpson Strong-Tie ke sayarwa da sunan ZMAX. Ta ƙarfe mara tsatsa, lamba 304 ko 316, ta fi duka, sai dai tsada. A busasshen wuri kamar cikin garin Gombe G185 ta wadatar. Mara tsatsa sai inda ruwa ba ya yankewa, kamar bakin dam ɗin Dadin Kowa ko ƙasan tankin da ke ɗiga.

Ga inda mutane ke asarar kuɗi: faɗi. Maratayar Amurka ta tubaisikis (katako mai inci biyu da shida) an yi ta ne don katako mai kaurin inci ɗaya da rabi, milimita 38, saboda nasu gogagge ne. Namu kuwa yadda zarto ya yanka haka yake zuwa, wani ya kusa inci biyu, wani bai kai ba, ko a ɗauri ɗaya. Ka auna guda biyar ko shida da tef kafin ka biya kuɗin maratayar. In katakon ya fi ta kauri, a kai inji ya goge, kada kafinta ya buɗe bakinta da guduma. Tsayinta kuma ya kai aƙalla kashi 60 cikin ɗari na faɗin katakon, don kada ya kwanta gefe.

Zaɓi na biyu mai walda ya lanƙwasa maka daga falan ƙarfe mai kaurin milimita 2 zuwa 3. Za ta dace da katakonka daidai, kuma a katakon da aka shafa wa magani tana aiki in an yi mata jan fenti da kyau. A katako mai ACQ fenti kaɗai ba kariya ba ne, ƙusa ɗaya ta kankare shi. Dole a sa shimfiɗar kwalta tsakanin ƙarfen da katakon. Ko ƙarfen mai tutiya ne, wutar walda tana ƙone ta a wurin haɗi.

Buga ƙusa a karkace ba tare da marataya ba shi ne mafi araha, kuma bai dace da wurin da mutane za su tsaya ba.

Ƙusa ce ya kamata ka fi tsayawa a kanta. Wadda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya toka-toka ce, jikinta da ɗan kaushi, a kwalinta za ka ga ASTM A153. Mai ƙyalli sumul rufinta siriri ne, ka bar ta. Kaurin da yawancin marataya ke so milimita 3.8 ne. Mai tsayin inci ɗaya da rabi ita ake bugawa miƙe cikin katakon gefe. In maratayar tana da hujin karkace, wannan na ƙusa mai inci 3 ne, wadda za ta ratsa katakon kwance ta kama na gefe. Gajeriya a wannan huji ba ta riƙe komai. Baƙin sukuru na silin kuwa ba ya lanƙwasa, tsinkewa yake farat ɗaya, sai sukurun da kamfanin ya yi don wannan aiki. Kuma kada a gauraya: marataya mara tsatsa da ƙusa mara tsatsa, mai tutiya da mai tutiya.

Lissafin ba wuya. Dandamali mai tsayin ƙafa 12 da faɗin ƙafa 8, tazarar inci 16 tsakanin katakan kwance, yana cin katako goma. Biyu na bakin gefe ne, takwas na ciki kowanne marataya biyu, 16 ke nan. In kowace na da huji goma, ƙusa 160, kuma kowane huji sai an cika shi. Tubaisikis kada ya wuce kamar ƙafa 9 ba ginshiƙi a ƙasansa.

Wajen ɗaurawa, a daidaita saman katakan ne, tunda faɗinsu ba ɗaya ba. A riƙe katakon a inda ake so, sannan a tura maratayar daga ƙasa ta zauna cif. Ratar da ke tsakanin bakin katakon da na gefe kada ta wuce milimita 3. Duk inda zarto ya yanka a sake shafa magani. Katakon da aka saya da damina zai tsuke idan hunturu ya kaɗa, don haka a jera shi a inuwa da ƴan sanduna a tsakani ya sha iska kafin a auna a yanka.