Karantar da Yaro a Gida Kaɗai, ko Haɗa Gida da Makaranta?

Assalamu alaikum. Wata 'yar'uwarmu da ke Tudun Wadar Zariya ta yi tambaya cewa ɗanta ya cika shekara shida, kuɗin makaranta mai zaman kanta ya fi ƙarfinta, ajin makarantar gwamnatin da ke kusa da su kuma ya cika maƙil, shin ta zaunar da shi a gida ta karantar da shi da kanta, ko kuwa ta sa shi a makaranta ta riƙa ƙara masa karatu idan ya dawo? Na daɗe ina koyarwa a firamare, kuma na karantar da 'ya'yana a gida a watannin da aka rufe makarantu saboda cutar korona a 2020, don haka zan jera miki hanyoyin biyu kamar yadda na san su.

Ta fuskar fahimta, 'yar'uwa, gida ya yi wa makaranta fintinkau a shekarun farko. Malamin da ke gaban yara masu ɗimbin yawa ba zai iya gane wanda bai bambanta harafin b da d ba, alhali uwar da ta zauna da ɗanta a kan tabarma za ta gane hakan tun a zaman farko, ta kuma tsaya a wurin har sai ya zauna masa. Abin da ake shafe yini ana yi a aji, yaro ɗaya yana iya gama shi cikin awa biyu. Karatun gida kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau, domin a zauruka malamai da yawa na cikin birni suka yi karatunsu, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta hanyar ƙungiyar mata masu koyarwa da ta kafa, wato 'Yan Taru, ta kai ilimi ga mata har cikin gidajensu. Sai dai wancan karatun ba ya neman takardar shaida, karatun boko kuwa yana nema, kuma a nan ne hanyoyin biyu suka rabu.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare har ya kammala, wato shekara tara, ta kuma tanadi gargaɗi a karon farko, sannan tara ko ɗauri ga wanda ya ci gaba da saɓawa. Dokar ba ta tsara yadda za a yi karatun gida ba, saɓanin Amurka inda aka halatta shi a dukkan jihohi 50, ko Ingila inda dokar ilimi ta 1996 ta yarda a ilimantar da yaro a makaranta ko ta wata hanya. Saboda haka wanda ya cire ɗansa gaba ɗaya ba shi da wata doka da zai jingina da ita, wanda ya haɗa gida da makaranta kuwa hankalinsa a kwance yake.

Jarrabawa ce ta fi damuna, domin iyaye ba sa tuna ta sai lokaci ya ƙure. Yaron da ke da rajista a makaranta yana da sakamakon kowane zango, da shaidar kammala firamare, kuma ta makarantarsa zai zauna jarrabawar ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare. Yaron gida ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma duk ranar da kika so mayar da shi aji, sai an gwada shi kafin a san inda za a ajiye shi. Gaskiya ne cewa hukumomin WAEC da NECO suna shirya jarrabawar kammala sakandare ga masu zaman kansu, kuma da ita ana iya neman jami'a ta hannun JAMB, amma hanya ce mai nisa, musamman ga mai son kimiyya wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba.

Batun kuɗi ba shi da tsawo. Gida ya fi sauƙi a aljihu, amma yana cin lokacin uwa, kuma ranar da aka yi baƙi ko biki ko rashin lafiya, karatun ne yake fara tsayawa. Haka nan yaro yana bukatar cuɗanya da tsararrakinsa, ko da yake Islamiyya tana rage wannan giɓi sosai.

Shawarata ita ce ki sa shi a makaranta, ko da ta gwamnatin ce mai cunkoso, sannan ki ɗauki gida a matsayin inda ainihin koyon karatu da lissafi zai gudana. Ki nemi littattafan aji ɗaya da suka bi manhajar NERDC, wato hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, ana samunsu a shagunan littattafai na Sabon Gari, ki kuma tambayi malaminsa abin da za a koyar a zangon domin ku tafi tare. Ki ware lokaci guda wanda ba ya sauyawa, misali minti arba'in bayan Magariba, domin kaɗan kullum ya fi yawa jefi-jefi. Ki fara masa da karatun Hausa, tunda yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, kuma yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshensa ba ya shan wahala idan ya koma Turanci. Lissafi kuwa ki fara shi da wake da murafun kwalba da canjin cefane kafin a kai ga alƙalami.

Idan wani dalili mai ƙarfi, kamar rashin lafiya, ya tilasta miki zaunar da shi a gida, to ki fara zuwa wurin shugaban makaranta ki nemi a bar sunansa a rajista, ya riƙa zuwa jarrabawar ƙarshen zango. Ki adana duk aikin da ya yi tare da kwanan wata, kuma idan darasi ya fi ƙarfinki, ki nemi ɗaya daga cikin ɗaliban tsangayar ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ya riƙa zuwa sau biyu ko uku a mako, da sharaɗin a yi karatun a inda idonki yake gani. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka.