Suwic mai PoE a ƙaramin ofis: a fara ƙirga wat kafin rami

Duk mai shirin sayen suwic mai PoE, ina roƙonsa ya juya kwalin ya nemi jimlar wutar da na'urar ke iya bayarwa kafin ya tambayi rami nawa gare ta. Wannan lambar ce ta raba mani gardama a lokacin da muke ɗaura kyamarori da Wi-Fi a ofishinmu da ke wajen Ƙofar Kaura a Katsina, kuma ita ce masu shago ba su cika ambata ba sai an tambaya.

Ga wanda bai saba da abin ba, suwic shi ne akwatin da wayoyin intanet na ofis ke haɗuwa a cikinsa, kowace waya da ramin da ake cusa ta. Mai PoE kuma yana tura wuta da bayanai a waya ɗaya, don haka kyamarar da ke bakin get ko na'urar Wi-Fi da ke manne a silin ba ta buƙatar soket ko adafta a kusa da ita. Ƙa'idar PoE ta zo hawa-hawa. Ta 2003, wato 802.3af, tana ba da wat 15.4 a kowane rami. Ta 2009, 802.3at, wadda ake rubuta wa PoE+ a jikin kwali, ta kai wat 30. Akwai 802.3bt ta 2018 mai kaiwa 60 har 90, amma ƙaramin ofis irin namu ba ya da abin da zai ci wannan.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne nan. Kwali zai ce rami 8, kowanne wat 30, mutum ya ɗauka 240 ke nan. A'a. Kamar tankin ruwa ne mai famfo takwas: kowane famfo na iya zuba da ƙarfi, amma abin da ke cikin tankin shi za a raba. Na ga mai rami 8 da jimlarsa ba ta wuce wat 60 da 'yan kai ba, na kuma ga wanda rami 4 ne kawai ke ba da wuta, sauran na bayanai ne zalla. Kayanmu kyamara 4 ne, Wi-Fi 2 da wayar tebur 2. Da muka bi takardun kowanne muka tara mafi yawan abin da zai ja, lissafin ya haura wat 70. Mai haɗa mana kayan, wani matashi mai haƙurin bayani, shi ya ce da ni: "Yallaɓai, kada ka auna da rana. Da dare kyamara ke kunna fitilar ganin duhu, a lokacin ne take cin wuta." Gaskiya ya faɗa. Suwic da wuta ta yi masa kaɗan yakan kashe wani rami ya bar wasu, sai a wayi gari kyamarar da aka fi buƙata ba ta naɗi komai ba tun magariba. Shi ya sa na ɗauki mai wat 120, rami 8 na PoE+ da ƙarin 2 na haɗawa da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, da na'urar naɗar hoto, duka masu gudun gigabit.

Abin da ya fi faranta mani rai a cikinsa ba gudu ba ne, wuta ce. Kowa ya san yadda ake ɗauke ta a garin nan. Da a ce kowace kyamara da adaftarta, sai mun ja layin inbata zuwa kowane lungu na ginin. Yanzu suwic, rauta da na'urar naɗar hoto suna wuri guda a kan inbata da sola ke yi wa caji. A ɗauke wuta ko a kawo, kyamarori ba sa ƙiftawa, ma'aikata kuma ba sa tsayar da aiki. Ga mai ofis a Katsina ko Daura, wannan kaɗai ya biya bambancin kuɗin da ke tsakaninsa da suwic na gama-gari.

Amma fa ko suwic ya kai kyau, waya na iya ɓata shi. Kasuwa cike take da wayar intanet samfurin Cat6 mai arha wadda cikinta alminiyam ne aka shafe da jan ƙarfe, galibi da CCA a jikin kwalin. Tana tauye wutar da ke bi ta cikinta fiye da jan ƙarfe zalla, tana ɗaukar zafi, ga saurin karyewa a bakin haɗi. Idan bayanai kaɗai za ta ɗauka a ɗan gajeren zango, wataƙila a sha, amma ban yarda a ɗora mata wuta ba. A kankare bakinta da reza, in fari ya bayyana a ajiye ta. Iyakar tsawon waya kuwa mita 100 ne. Namu suwic ɗin yana da maɓallin da ke miƙa zangon zuwa mita 250, sai dai gudun yana sauka zuwa megabit 10, wanda zai ɗauki kyamara ɗaya amma ba zai yi wa Wi-Fi ba.

Wani abin da nake so a kiyaye: wasu na'urorin da ake kafawa a kan rufi don kamo intanet daga nesa suna aiki ne da bolt 24 ta ɗan akwatinsu na daban, alhali PoE na ƙa'ida yana wajen bolt 48 kuma yana tantance na'ura kafin ya sakar mata wuta. Ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. Kada a cusa wayar ɗan akwatin nan a kwamfuta ko wata na'ura, domin shi ba ya tambaya, sakin wuta kawai yake.

Inda ban gamsu da suwic ɗin namu ba akwai. Takardarsa ta ce ya yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu gari kansa yana kaiwa haka, balle ɗakin da ke ƙarƙashin kwano. Ba ya da fanka, abin da ya sa ba ya ƙara kuma ba ya zuƙar ƙurar hunturu, amma jikin ƙarfen yakan yi zafin da sai da muka fitar da shi daga kabad muka kafe shi a bango inda iska ke ratsawa. Sannan irin wanda ba a shiga a saita shi ne. Ba zan iya ware Wi-Fi na baƙi daga layin kyamarori da kwamfutocin aiki ta cikinsa ba, kuma in kyamara ta sandare sai an je an zare waya an mayar. Ofishin da ke riƙe bayanan mutane, kamar na lauya ko asibiti, ya ƙara kuɗi ya sayi mai saiti, ya fi masa kwanciyar hankali.

Ramukan 8 kuma sun cika tun ranar farko, ga shi ana maganar ƙara kyamara a bayan gini. Wanda ya ƙirga kayansa ya samu 7 ko 8, ya wuce kai tsaye zuwa mai 16. Kafin damina ta kama, duk wayar da ta fita waje a saka mata na'urar kare tsawa, a kuma tabbata an haɗa jikin suwic ɗin da wayar ƙasa, domin in ya ƙone kyamarori da Wi-Fi da wayoyin tebur tare za su mutu.