Fenti ko leda: wanne ya fi dacewa da fitilun gaban mota?

Malam, ka ce kana da Corolla 'yar Kwatano, kana so fitilunta na gaba su yi duhu-duhu irin waɗanda kake gani a motocin samari a PZ da Samaru a nan Zariya. Mai fenti ya ce ka kawo ya fesa, mai sitika kuma ya ce leda ta fi, shi ne kake neman a faɗa maka wanda za ka bi. Idan a fuskar fitilar ta waje za a yi aikin, leda ta fi fenti nesa ba kusa ba, amma da sharaɗin ta kasance marar duhu sosai. Fenti yana da wurinsa, sai dai wurin nasa a cikin fitilar yake, kuma ba kowace fitila ce ta yarda da shi ba.

Abin da muke kira gilashin fitila a motocin yanzu ba gilashi ba ne. Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna gilashi na gaske ne a fitilarta, ko da fetur ka goge shi babu abin da zai same shi. Corolla ɗinka kuwa, kamar kusan duk motar da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau, roba ce mai ƙarfi da ake kira folikabonet, wadda ba ta fashewa da sauƙi amma tana da abokan gaba biyu: hasken rana da sinadarai masu narkarwa. Saboda rana ne kamfani yake shafa mata wani siririn rufi mai tauri tun daga masana'anta, kuma ranar da wannan rufi ya cinye, ranar fitila take fara komawa ruwan ɗorawa. Duk kwatancen da zan yi a kan wannan rufi ya rataya, domin fenti da leda ba iri ɗaya suke yi masa ba.

Fenti ba ya kama wuri mai santsi, don haka mai fenti zai fara da goga samfefa, wato zai kankare rufin nan da hannunsa kafin ya fesa komai. Sannan fentin da kansa da tina ake sirka shi, tina kuwa tana cin folikabonet. Na taɓa tsayawa a wani garejin fenti a Sabon Gari ina kallon fitilar wata Honda da aka fesa wa baƙi-baƙi watanni kaɗan kafin nan. Daga nesa lafiya lau take, amma da na matsa na karkata kaina ta gefen da rana take dukanta, sai na ga ƙananan tsage-tsage birjik a cikin robar, kamar tukunyar ƙasa da ta sha wuta. Na shafa da yatsa ban ji komai ba, domin tsagewar a ciki take, inda samfefa ba ta kaiwa. Irin wannan fitila ba ta gyaruwa, sai dai a sayi wata.

Ko da an yi sa'a robar ba ta tsage ba, akwai matsalar hannu. Babu mai fentin da zai iya fesa fitila biyu kauri ɗaya sak, kuma yawancin masu fentinmu a fili suke aiki, ƙarƙashin bishiya ko rumfar kwano. A hunturu, kafin fentin ya bushe ƙura ta riga ta zauna a kansa. A jikin mota wannan ƙaramin aibi ne, a goge da man sheƙi ya wuce, amma a kan fitila kowane ƙwayar ƙura da kowane kurji wuri ne da haske zai tarwatse. Fitilar ƙasa, wadda direbobi suke kira dim, an tsara ta ne da layi yankakke a sama, ya kwanta a gefen hagu don kada ya shiga idon mai zuwa, ya ɗan ɗaga a gefen dama don ya haska bakin titi, tunda a hannun dama muke tuƙi a Nijeriya tun 1972. Fenti mai kurji yana ɓata wannan layi: kai da ke ciki ba ka gani da kyau, wanda kuma yake tahowa kana kashe masa ido.

Leda ba ta bukatar a kankare komai. Ana wanke fitila, a jiƙa, a manna, a bi da iska mai zafi har ta bi lanƙwasar fitilar, a yanke baki. Kaurinta da duhunta ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan domin inji ne ya yi ta, saboda haka fitilar hagu da ta dama za su fito daidai. Babbar falalarta ita ce ana cire ta. Ranar da ka gaji da ita, ko jami'i ya tsayar da kai a kanta, ko ka tashi sayar da motar, sai a ɗumama a ɓare, fitilarka ta dawo yadda take. Wanda ya fesa fenti ba shi da wannan mafita.

Sai dai leda suna ta tara. Akwai siririya mai arha, dangin wadda ake yin sitikar talla da ita, akwai kuma mai kauri mai taushi ta foliyuretan, wadda asali an yi ta ne don kare fentin mota daga tsakuwa. Mai arhar ba ta jure ranar Maris da Afrilu ta Zariya. Takan koɗe ta koma ruwan ƙasa ko shanshanbale, bakinta ya fara ɗagawa, ƙura ta shiga ƙarƙashi ta yi baƙin layi, gam ɗinta kuma ya gasu a jikin robar har cire shi ya zama aiki. Mai kaurin ta fi tsada, amma tana tare rana da tsakuwar da tirela take watsowa a hanyar Kano, wato tana ƙara wa fitilar kwana. Abu biyu za ka sa wa ido a wurin mai mannawa: kada ya yanka ledar da reza a kan fuskar fitilar, domin reza tana barin zane a robar, kuma kada ya manna a kan fitilar da rufinta ya riga ya fara ɓarewa, domin ranar cirewa leda za ta taho da sauran rufin.

Yanzu ga inda fenti da leda suka zama ɗaya, kuma nan ne na fi damuwa. Duk abin da ya sa fitila ta yi duhu da rana, haske yake ci da dare, ba wani sirri a ciki. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idonka ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarka ta taka birki, idan daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, ka riga ka ci mita 42, birkin bai ma fara aiki ba. A ƙaddara fitilarka ta ƙasa tana nuna maka abu daga mita 60. Idan aka rage haskenta da rabi, nisan da za ka iya hango wannan abu zai sauko zuwa kusan kashi 70 cikin 100 na da, wato mita 42 ɗin nan dai. Ma'ana, lokacin da ƙafarka take isa birki, lokacin kake isa wurin abin. Duk wanda ya taɓa dawowa daga Shika ko Giwa bayan sallar isha ya san mene ne "abin": ɗan acaɓa marar fitilar baya, amalanken rake, babbar mota da ta lalace a kan kwalta ba alamar komai sai ganyen da aka zuba a bayanta, ko shanu suna tsallakawa. Ba ɗaya daga cikinsu da yake da haske na kansa, da fitilarka kaɗai za ka gan su.

Ka kuma tuna motarka ba sabuwa ba ce. A 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada fitilun da suka tsufa suka yi hazo, ta samu suna ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sababbi. Yawancin motocin Kwatano sun shekara goma ko fiye kafin su iso hannunmu, sannan su sha ranar Arewa. Wanda ya ɗora duhu a kan irin wannan fitila, daga ɗan abin da ya rage yake ragewa. Kuma kada wani rewaya ya ce maka zai rama da ƙwai mai wat 100. Soket da wayoyin motar an yi su ne don ƙwai mai wat 55 ko 60, babba yana narka soket, yana ƙona madubin ciki, zafinsa kuma yana gasa ledar ko fentin da ke waje.

Hanya ta uku ita ce wadda nake ganin ta fi ba da abin da kake nema, kodayake ba ka ambace ta ba. Yawancin motocin da kake gani fitilarsu ta yi baƙi mai kyau daga kamfani, ba fuskar fitilar ce baƙa ba, cikinta ne. Fuskar tana nan garau, abin da ke bayanta ne aka yi wa baƙin launi. Ana iya yin haka ga taka: a ciro fitila daga mota, a ɗumama gam ɗin da ya haɗa fuska da gida har ya yi laushi, a buɗe a hankali, a fitar da firam ɗin ado na ciki a fesa masa baƙin fenti mai jure zafi, a bar shi ya bushe sarai, a mayar a rufe da sabon gam. Tunda haske ba ta cikin fentin yake ratsawa ba, kusan babu abin da aka rage.

Amma a nan akwai bambancin da dole ka duba da idonka kafin kowa ya taɓa maka fitila. Leƙa ciki. Idan ka ga wani ƙwallon gilashi zagayayye kamar idon bijimi a gaban ƙwan, fitilarka mai furojekta ce, madubinta na gaske yana ɓoye a bayan ƙwallon, azurfar da ke kewaye kuwa ado ce kawai, ana iya yi mata fenti. Idan kuwa ƙwan a fili yake, kewaye da kwano mai sheƙi mai ɓangarori-ɓangarori, to wannan kwanon shi ne fitilar, shi yake tattara haske ya harba gaba. Wanda ya fesa masa fenti ya kashe fitilar gaba ɗaya, ko da yatsa ma ba a son a taɓa shi, domin rufin alminiyam ɗin da ke kansa siriri ne ƙwarai. A irin wannan fitila siririn firam na baki kaɗai za a iya baƙantawa. Haɗarin wannan hanya biyu ne. Idan ba a rufe da kyau ba, ruwan Agusta zai shiga, ka wayi gari fitila ta yi gumi daga ciki. Idan kuma aka yi gaggawar rufewa fenti bai gama bushewa ba, zafin ƙwai zai sa ya yi tururi ya dusashe fuskar ta ciki, sai an sake buɗewa. Aiki ne na mai haƙuri, kada ka ba wanda ya ce maka ka zauna ka jira yanzu-yanzu.

Batun launi gajere ne. Fitilar gaba fara ce ko rawaya, ja na baya ne, haka tsarin yake a yarjejeniyar hanyoyi ta duniya da aka yi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1968. Shuɗi da ja masu haskawa a gaba an san su ne da motocin jami'an tsaro da na agajin gaggawa, kuma laifin fitila yana cikin abubuwan da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da na KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, suke tsayar da mota a kai. Shuɗiyar leda ma ita ta fi kowace cin haske a kan ƙwan halojin, wato ƙwan fitila irin wanda aka saba da shi a motoci, domin hasken halojin ya fi karkata ga rawaya da ja, shuɗin da ke cikinsa kaɗan ne. Rawaya kuwa tana da asali, Faransa ta wajabta ta a motocinta daga 1937 har zuwa farkon 1993, kuma direbobi da yawa sun fi jin daɗinta a cikin hazo. Idan kana sha'awarta, ka sa ta a ƙananan fitilun hazo na ƙasan bamba, a nan za ta yi maka amfani a watan Janairu.

Game da kuɗi, fenti a waje ne ya fi arha a ranar da aka yi shi, amma idan ya ɓaci kuɗin fitila biyu za ka nema. Leda mai kyau tana tsakiya. Buɗe fitila ya fi tsada saboda aikin hannu ne.

Da motar tawa ce, da farko zan sa a gyara fuskar fitilun idan sun yi hazo, a goge da samfefa mai laushi mataki-mataki, a mayar musu da rufi mai tare rana ko a manna farar leda mai kauri. Sau da yawa wannan kaɗai yana sauya fuskar mota fiye da yadda mutum ya zata. Idan har yanzu ina son duhun, sai in duba ko mai furojekta ce in sa a baƙanta ciki. Idan ba ita ba ce, sai in nemi leda mafi haske a cikin masu duhun, in ce a manna a fitila ɗaya tukuna. Da dare in sami bango a wuri mai shimfiɗe, in ja baya kamar taku goma, in kunna fitilar ƙasa, in sa yaro ya tsaya a gaban ta hagu sannan ya koma gaban ta dama, ina kallon bangon. Idan bambancin hasken biyun ya fito fili har ido ya kama shi ba tare da an ƙura ba, ko layin saman ya dusashe a gefen da aka manna, gobe da safe zan mayar wa mai sitika ya ɓare kayansa.