Salatif mai manne gaba da baya: riƙo ba laifi, cirewar ce matsala

Na sayi salatif ɗin nan ne, siririn mai zaren yadi a ciki, don riƙe faifan akirilik, wato roba mai kama da gilashi, mai kaurin milimita 3 da faɗin milimita 120 a kan injin sassaƙa mai juyawa. Faifai siriri haka ba a matse shi da haƙoran injin, ko ya lanƙwashe ko ya tsage. Sai dai a ɗaura katako, a share fuskarsa ta miƙe, a manna faifan, sannan a tokare shi ta baya da wani guntun katako mai zagaye.

Wajen riƙo kam ya burge ni. A juyi 500 a minti, ana cin milimita 0.2 kowane zuwa da wuƙa mai kaifi sosai, ko gezau faifan bai yi ba, ɓawon yana fita kamar zare. Ya fi salatif mai soso a ciki nesa ba kusa ba, domin soso yana lotsawa, faifan ya riƙa rawa, gefen ya fito da zane-zane.

Amma wallahi cirewar ta ɓata min rai. Ɗanƙon ya kama fiye da kima, kuma babu ko kalma a jikin kwalin game da yadda ake ɓamɓare shi. Na zura siririyar wuƙa ta gefe, ɗagawa kaɗan sai ƙas, faifan ya tsage har tsakiya. Na biyun ya fita lafiya, amma da ragowar ɗanƙo a bayansa. Na goge da sifirit, kafin wani lokaci gefen da aka sassaƙa ya cika da ƙananan tsaga kamar saƙar gizo. Dalilin sananne ne: zafin yanka yana barin akirilik a takure, sifirit ko tina na taɓa wurin sai ya farfashe. Faifai biyu kenan suka tafi a banza.

Abin da ya yi aiki shi ne a rage salatif ɗin: gajeru uku ko huɗu kusa da gefe, ba a shimfiɗe fuskar duka ba, tunda matokarin baya ne ke ɗaukar yawancin aikin. Wajen cirewa a zura zaren kamun kifi tsakanin faifan da katakon, a ja shi kamar zarto, ragowar kuma ruwan ɗumi da sabulu ya ishe shi, sai dai haƙuri.

Har ila yau salatif ɗin ba ya son zafi. Akirilik kansa yana fara laushi wajen digiri 100, ɗanƙon kuwa tun kafin nan yake saki. In wuƙa ta dakushe ko aka daɗe ana goga samfefa a bushe, faifan zai zame daga tsakiya. Zan ci gaba da amfani da shi a kan milimita 5 zuwa sama. A milimita 3 kuwa, raina bai kwanta da shi ba.