Sha'ir ko dawa: wanne ya fi wa mai son sayar wa kamfanonin malt?

Assalamu alaikum. Alhaji, ka tambaya ko ka sa a shuka maka sha'ir a gonarka ta wajen Walewale, a arewacin Gana, maimakon dawa, tunda kamfanonin da ke yin Malta suna shigo da malt ɗin sha'ir (wato tsabar da aka bari ta tsiro sannan aka busar) daga waje da kuɗi masu yawa. Shawarata ita ce ka tsaya kan dawa, kuma ga dalilaina.

Sha'ir ɗan sanyi ne. Rasha, Faransa, Jamus, Kanada da Ostiraliya ne manyan masu nomansa. A Afirka ma, cikin wuraren da ake samun na malt mai kyau akwai tsaunukan Habasha, irin su Arsi da Bale, da suka haura mita 2,000. Arewacin Gana ba ta da irin wannan tudu, sanyin hunturunmu kuma gajere ne, da rana ta ɗaga sai zafi.

A ce ma ya yi, saura wahalar sayarwa. Mai yin malt ba sha'ir kawai yake saye ba, tsaba mai rai yake saye, domin jiƙa ta zai yi, ya bar ta ta tsiro 'yan kwanaki, sannan ya busar. Saboda haka zai ɗebi samfuri ya gwada. Cikin ƙwaya 100 yana son aƙalla 95 su tsiro. Furotin kada ya wuce wajen kashi 11 zuwa 12 cikin 100, danshi kuma ƙasa da kashi 13 ko kusa da haka. A Turai har rariya ake zuba shi mai ramin milimita 2.5, duk ƙwayar da ta faɗo ta ƙasa an rage mata daraja. Abin da ke ba manomi ciwon kai shi ne takin zamanin da zai ƙara masa buhuna shi ne kuma zai ɗaga furotin ya sa a ƙi kayan. Ruwa ya sauka gab da girbi, tsabar ta fara tsiro a zangarniya, shi ke nan an mayar da shi abincin dabbobi a farashi na ƙasa. Wannan fargabar ce ke sa manoman Kanada da yawa su koma alkama ko kanola (shukar da ake tatsar man girki daga ƙwayarta) idan rarar kuɗin malt ba ta taka kara ta karya ba. Farashin kuma ba a hannun manomi yake ba. A 2020 Sin ta ɗora wa sha'ir ɗin Ostiraliya harajin sama da kashi 80 cikin 100, ba ta cire ba sai 2023.

Dawa ita ma tana da nata aibin wajen malt. Ba ta da ɓawon da ke taimakawa wajen tacewa kamar sha'ir, kuma sinadarin da ke mayar da sitaci sukari bai kai na sha'ir ƙarfi a cikinta ba, sai kamfani ya ƙara na saye. Amma an daɗe da shawo kan wannan. Tun da Najeriya ta hana shigo da malt ɗin sha'ir a 1988 kamfanonin can suka koma dawa. Nan gida ma Guinness Ghana, mai masana'anta a Kaase nan Kumasi, tana sayen dawa daga manoman arewa, kuma gwamnati na rage haraji ga kamfanin da ke aiki da amfanin gonar gida.

Sai dai ba kowace dawa suke karɓa ba. Fara suka fi so, irin Kapaala da cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala ta fitar. Tana nuna da wuri, zangarniyarta a dunƙule take, don haka in ta nuna ruwa bai ɗauke ba sai ƙwari su shige ta, fumfuna ta baƙanta tsabar. A daidaita shuka ta nuna a ƙarshen damina, a yi sussuka a kan tamfal, kada ƙasa da tsakuwa su shiga.

Inda dawa ta yi wa sha'ir nisa shi ne ranar da aka ƙi kayanka. Sha'ir ɗin da kamfani ya mayar, wa zai saya a kasuwar Aboabo? Dawa kuwa ko an dawo da ita, masu tuwo da koko suna nan, masu kiwon kaji ma za su ɗauka.

Wani abu da ban so in ɓoye maka: malt ɗin da ake yin Malta da shi, da irinsa ake yin giya, kuma manomi ba shi da ikon cewa ga inda buhunsa zai tafi. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka zauna da malaminka tukuna.

In ka yanke shawarar shiga, ka nemi dillalin da ke tara wa kamfani tun kafin ruwan farko. A rubuta irin da za a shuka, farashin buhu da nauyinsa, wanda zai biya mota, da ranar da za a ba ka kuɗinka. Bana ka fara da ɓangare ɗaya na gonar, sauran ka bar shi ga dawar da ka saba.